Ranar da Bishof ya tsuguna a zauren Baba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Ladi, wadda ta riga mu zuwa gida.

Gaisuwa mai yawa da girmamawa, tare da fatan kina hutawa cikin salamar Ubangiji. Bayan gaisuwa, 'yarki Talatu ce ke rubuto miki daga Birnin Kudu. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma abin da idona ya gani ya fi ƙarfin cikina, kuma ke ce kika fi kowa cancantar ji. Maganar Baba ce, wadda kika ƙare rayuwarki kina kai wa Allah kuka a kanta.

Kin san halin mijinki. Ya bar ki kika karɓi baftisma, ya bar mu muka bi ki, da gatarinsa aka saro azarar rufin cocin ƙauyenmu, amma ƙafarsa ba ta taɓa tsallake ƙofar ba. Kowace Lahadi kina ɗaura ɗankwali kina cewa, "Allah bai manta da maigidana ba." Da wannan maganar a bakinki kika cika.

Kin tuna Bishof na farko, Baturen nan da ke zuwa a kan babur, rana ta gasa shi ya yi jawur? Shekarar da sanƙarau ya shigo ƙauyukan Sundimina kowa na gudun kowa, shi kuwa ya zauna, yana ɗaukar marasa lafiya zuwa asibiti, bai taɓa tambayar wane ne Musulmi wane ne Kirista ba. Rijiyar da ya sa aka haƙa har yau ita muke sha. Ina ƙarama, na ɗauka mala'iku ma haka suke, sai dai ba sa gumi.

To shi ne ya ci tuwon dawarki da miyar kuka, daɗi ya kwashe shi, ya miƙe zai gode wa mai tuwo. Ya ratsa zauren gidanmu da takalminsa, ya ɗaga wa Baba hannu, ya zarce cikin gida har bakin murhunki. Ba sallama, ba neman izini. Bawan Allah bai san ya yi komai ba. Baba bai ɗaga murya ba, sai dai ya ce an wuce shi a zaurensa kamar an wuce turke, kuma wanda ya shiga gidansa haka, shi ba zai shiga nasa ba.

Bishof na biyu ɗan ƙasa ne, mai sanyin murya. Shi ya shafa mini mai a goshi ranar Ƙarfafawa, bikin tabbatar da baftismata. Lokacin da hankula suka tashi a birni, ya bi masu unguwanni da limamai har Gwaram yana zama da su a tabarma ɗaya, wutar ba ta iso mu ba. Da labarin Baba ya kai kunnensa, ya aiko katikis, malamin cocinmu, da babbar riga da goro. Baba ya ci goron, ya mayar da rigar, ya ce ba ɗan aike ne ya wuce shi ba. Ranar kina daka kina share hawaye da haɓar zane. Ni kuwa haushi ya ishe ni, na ce ki rabu da shi da taurin kansa. Kika harare ni, kika ce in iya bakina, ubana ne.

Bakin nan nawa dai bai gyaru ba, Inna, kuma shi ya jawo wannan.

Bayan girbin bana Bishof na yanzu ya zo Ƙarfafawa. Da aka tashi daga Misa ina cikin matan da ke zuba abinci, sai hira ta yi daɗi, na ba shi labarin Baba don a yi dariya. Kowa ya dara ban da shi. Ya tambaya ko tsohon yana raye. Na ce yana nan daram, sai dai ƙafa da ido sun yi rauni. Ya wanke hannu, ya bar manyan baƙi da shinkafarsu, ya ce in shiga mota in nuna hanya.

Yashi ya hana motar wuce rafi. Ya sauka, ya tattare farar rigarsa, muka ratsa gonaki da ƙafa, ƙarangiya tana manne masa. A ƙofar gidanmu ya cire takalmi, ya cire 'yar hularsa, ya yi sallama, ya tsaya. Baba yana ciki da amininsa Malam Isa, limamin unguwar gabas. Ya ji sarai, amma ya bar mutumin nan a rana har na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Sai da Malam Isa ya zungure shi sannan ya ce a shigo.

Inna, mutumin da muke durƙusawa mu sumbaci zobensa, shi na ga ya tsuguna a kan turɓaya a gaban Baba. An miƙo masa kujera ya ƙi. Ya gaishe shi yadda ɗa ke gaida uba, ya tambayi jiki, ya tambayi amfanin gona, ya yi masa ta'aziyyarki. Sannan ya ce, "Baba, ubanmu ya shiga gidanka ba da izininka ba, kuma ya rasu bai sani ba. Ni ke kan kujerarsa yanzu, don haka ni na zo ka yafe mana."

Baturen nan ya daɗe a kabari a ƙasarsu, shi da Bishof na yanzu ko ganin juna ba su taɓa yi ba, amma ga wannan ya ɗauki laifinsa a ka ya tako da shi har ƙauyenmu. Ban taɓa gane abin da ake nufi da gadon manzanni ba sai a zauren nan mai warin tumaki.

Da Bishof ya nemi izinin shiga ya yi addu'a a ɗakinki, sai Baba ya laluba sandarsa ya miƙe, ya shige gaba da kansa. A bakin murhu ya tsaya, ya ce, "Ka makara, mai tuwon ta tafi." Bishof bai yi masa wa'azi ba, bai ko ambaci baftisma ba. Malam Isa ya raka shi har rafi, ya dawo yana girgiza kai, yana cewa shi dai yau ya ga girma.

Ranar Lahadi muna tsakiyar waƙa muryoyi suka fara ɗaukewa daga baya. Na waiwaya, sai ga Baba a bakin ƙofa, ya ajiye takalminsa a waje. Katikis ya ruga da kujera ɓangaren maza. Baba bai ko dube shi ba, ya tambayi mata inda Ladi take zama. Suka matsa. Ya zauna a ƙarshen bencin nan na jikin taga, tsoho ɗaya tal a tsakiyar ɗankwalaye, ba wanda ya iya ce masa ya tashi.

A hanyar gida na riƙe masa hannu, na kama bakina yadda kika koya mini. Mun kusa isa sai ya tsaya, ya ce, "Talatu, ashe daga wurin zamanta ana hango ƙofar zaurena."

Ubangiji ya ba ki hutawa, Inna, ya haskaka makwancinki. Ya jiƙan bayinsa da suka yi kiwon mu suka wuce, ya ƙara wa wanda ke kai ƙarfi da tawali'u. Ya ara wa Baba kwana har ya ƙarasa abin da ya fara. Ke kuma ki daina leƙen tagar nan, ya iso.

Taki har kullum,
Talatu.