Buhunan Aya a Zaure

Yaya Maman,

Na jira ka har hantsi ba ka dawo daga Gangara ba, motar Agye kuwa ba ta jiran kowa.

Jiya da la'asar wani mutum ya kawo takardar lanhon gida, harajin nan na shekara. An ƙara mana sosai, wai zaurenmu kanti ne. Na ce masa ayar gonarmu ce muka jibge a ciki don rumbu ya cika. Ko leƙawa bai yi ba, sai ya ce ai buhu goma sha bakwai ne. Yaya, goma sha bakwai ɗin ne cif! Ranar da muka jera su kuwa daga ni sai kai, sai maƙwabcinmu Hambali da ya kama mana, shi da tun bara yake nacin mu sayar masa da gefen zauren.

Na tafi buro, ofishin masu lanho a Agye, in kai kukanmu, takardar bara tana hannuna.

Kada ka taɓa buhunan, in mun kwashe yanzu za a ce ɓoyewa muka yi. In Hambali ya zo gaisuwa, shimfiɗa masa tabarma a waje.

Ƙanenka,
Muntari