Gajere Ba Zai Shiga Gilashi Ba

Zuwa ga Yaya Abdullatif,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali, da haƙuri da sanyin ƙasar taku. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan Kankiya ƙalau muke, gero ya yi kyau bana, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Na cika umarninka. Da na raka Adda Tani kudu ganin likitan ido, mun biya gidan adana halittun nan da ka ce a ba su Gajere, tsohon bijimin marigayi Baffa, don jikoki su riƙa ganinsa cikin gilashi har abada. Yaya, gani ya kori ji. Tun daga ƙofa wari ya tarbe mu, na magani da tsohuwar fata. Ga macizai a kwalabe kamar an jiƙa tsimi, ga kura duk gashi ya zube, an dasa mata idanun roba, ɗaya na duban gabas ɗaya yamma. Jami'in wurin yana ta bayani da alfahari, ni ina toshe hanci da mayafi.

Sai ga wata farar saniya tsaye a lungu. Adda ta manta ba mai rai ba ce, ta kira ta yadda ake kiran shanu a ƙauyen Yashe. Da ta ji shiru sai ta tsallake igiyar da aka kange ta da ita, ta shafa wuyanta sama da ƙasa, ta ce ba ta ji wurin wuƙa ba. Mutumin ya yi murmushi, ya ce ai su ba sa yanka, allura suke yi don kada fata ta ɓaci, naman kuma a binne. Adda ta goge hannu da zanenta, ta ce ashe mushe mutane ke yin layi su kalla.

Ya miƙo min takardar Gajere in sa hannu. Na gaya masa Gajere yana da alƙawari ranar Juma'a, Kawu Sodangi zai yanka shi da bismillah, a raba naman sadaka, lada ya isa kabarin Baffa. Na ja hannun Adda muka fito, ƙofar ta rufe a bayanmu, na shaƙi iska.

Kada ka ji haushi, za mu ajiye maka ƙahonnin. Ka gaida Anti Sumayya da Kabir. Inna na sa maka albarka.

Ƙanwarka,
Karima