Gwangwanayen Sau Ying

Laraba, 3 ga Yuli, 2024

Yau na samu tsohuwar da nake nema don aikin makaranta a kan matan da suka fara tace fim. Popo Liang, shekara tamanin da shida, bakinta ya fi nawa kaifi. Mahaifiyarta, Sau Ying, ta tace fim sama da talatin a wani kamfani a garin nan na ƙasar Sin tun kafin yaƙin duniya, ba a taɓa sa sunanta a ko ɗaya ba. Da almakashi take yanka, tana auna zaren fim daga hanci zuwa yatsa kamar masu yadi a Kwari. Duk inda ta haɗa sai ta karta gefen da allura, wannan ne sa hannunta.

Abin da aka ce ta zubar, gida take kawowa. Gwangwani bakwai, suna ƙarƙashin gado, fanka tana kaɗa musu. Ɗakin yana wani wari.

Asabar, 6 ga Yuli

Za a rushe gidansu Popo. Ɗanta ya ce bola zai kai gwangwanayen. Gidan adana tarihi sun ce "meiyou", babu wuri, tunda babu suna. Ta riƙe min hannu: "Ke ki tafi da su." Ni da ko gardama ba na bari ta wuce ni, sai ga ni na ce to.

Talata, 9 ga Yuli

Kawu Babayo yana lodin kwantena. Na sa gwangwani shida a kwali, na cusa tsakanin dilolin jallabiyar da ya saya a kasuwar Shahe. Ya ce, "Najiba, mene ne haka da nauyi?" Na ce littattafai. Allah ya yafe min. A Kano zan samu lokacin duba su a nutse.

Ɗaya na bari a ɗaki.

Alhamis, 11 ga Yuli

Na buɗe shi. Gefen ya yi danƙo, ƙasan wani gari ruwan ƙasa. Amma a tsakiya na ɗaga wa taga na ga fuskar wata mata tana juyowa, ga kartar allurar a gefe, 'yar ƙarama. Sai da na yi hawaye. Zeinabou, abokiyar ɗakina, ta ce wa ya bar safa a jiƙe.

Juma'a, 12 ga Yuli

Na kai wa malaminmu guntu, tsawon yatsa, na ce a kasuwar tsofaffin kaya na tsinta. Fuskarsa ta canza. Ya fita da ni tsakar gida, ya kama shi da awartaki, ya kunna, ya tsoma a bokitin ruwa. Wallahi a cikin ruwan yana ci.

Ya ce fim ɗin zamanin can haka yake. In ya fara ruɓewa ba ya jiran ashana, zafi kaɗai ya ishe shi. Ya tambaya ko akwai saura. Na ce a'a.

Asabar, 13 ga Yuli

Zafi talatin da bakwai. Kwantenar tana tashar jirgin ruwa ta Huangpu a rana, ƙarfe a rufe. Jirgi Laraba zai tashi, kwana arba'in a ruwa.

Lahadi, 14 ga Yuli

Shekara tamanin ba su kama ba, sai yanzu? Haka nake ta faɗa wa kaina. Na kira Kawu sau biyu, muka yi hirar tafiyarsa gida, na kashe. Tsoro nake ji, kuma ba na wutar kaɗai ba. In na faɗa, ƙona su za a yi, Sau Ying ta tafi ke nan gaba ɗaya.

Litinin, 15 ga Yuli

Na koma wurin Popo. Ban ƙarasa tambayar ba ta ce ta sani. Tun tana yarinya ta sani. Hannun mahaifiyarta na dama tabon ƙuna ne har gwiwa, ranar da fim ya kama da wuta abokiyar aikinta ma ba ta fito daga ɗakin ba. Fankar nan ba a taɓa kashe ta da bazara ba.

Na ce me ya sa ba ki gaya min ba? Ta dube ni ko kunya babu. "Da kin karɓa?"

Na so in zage ta. Sinancina bai kai ba, da Hausa kuma ba za ta ji ba.

Talata, 16 ga Yuli

Na faɗa wa Kawu, a shagon abokinsa a Guangyuan. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "'Yar nan, akwai mutane a cikin jirgin nan fa. Masu iyali." Sai ya ɗauki waya.

An sauke kwantenar. Jirgi zai tafi ba ita, kayan kasuwarsa sai wani watan, ga tara a kansa. 'Yan kwana-kwana suka zo da rigunansu masu kauri suka ɗauki kwalin kamar gawa. Babbansu ya tambaye ni nawa ne duka.

Na ce shida.

Lahadi, 21 ga Yuli

Kawu bai ɗaga wayata ba har yau. Ya yi daidai.

Na sayi ƙaramin firji na hannu, na sa a ƙarƙashin teburina, gwangwani na bakwai a ciki. Na ɗan lokaci ne, kafin in ɗauki hoton abin da ya rage a hankali, sannan in kai musu da kaina. Mako biyu, ko uku. Muna hawa na tara, amma ai da sanyi babu abin da zai faru.

Da yamma Zeinabou ta ɗauko kasko za ta kunna turaren wuta saboda warin. Ban san lokacin da na fizge ashanar daga hannunta ba. Ta tsaya tana kallona. Na ce mata hayaƙi yana tayar min da asma.

Ba ni da asma.