Ɗana Zai Sayi Irin Babur Ɗin Da Ya Cinye Ƙafar Abokina

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan gida. Admin a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara, dattijo ne ni na haura sittin, amma kwana biyar ke nan raina a ɓace, na rasa wanda zan gaya wa.

Ina saurayi kawuna ya tura ni Kwatano in riƙe masa harkar atamfa na shekara ɗaya da rabi. Zamanin juyin juya hali ne, tuta koriya da jan tauraro, duk ofis ɗin da ka shiga kowa kamarad, sojoji kuwa kowace kwana sai sun tambaye ka takarda. A Zongo na sauka, ɗaki ɗaya da wani ɗan Dosso, Isufu, mai gyaran babura. Shi ya koya mini ƙirga sefa, shi yake yi mini tafinta a dwan, wato kwastan, in zazzaɓi ya kama ni shi yake dama mini koko.

Da na ɗan tara kuɗi sai na ce babur zan saya, yawon ƙafa daga tashar jirgin ruwa zuwa kasuwa ya ishe ni. Biyu muka gani. Ɗaya mobilet ce 'yar ƙarama a wajen kasuwar Saint-Michel, irin wadda kowa ke hawa. Ɗayan kuma wani jan babur ne na tsere ƙirar Japan, na wani Bature ma'aikacin tashar jirgin da zai koma ƙasarsu, a can kusa da Placodji. Tun da na ji ƙararsa na daina ganin mobilet. Isufu ya yi ta yi mini bayani, ya ce titunan unguwa duk rairayi ne, kayan gyaransa babu a garin, ni kuma baƙo ne saura mini wata goma, ba lallai a bar ni in tsallaka iyaka da shi ba, ga shi ko permi, wato lasisin tuƙi, ba ni da shi. Ya ce mobilet kuwa ranar da zan tafi ranar zan sayar. Ni kuma don wauta na ce masa hassada ce, tunda shi kullum na mutane yake gyarawa bai taɓa mallakar nasa ba. Washegari ma shi ya raka ni ya duba injin kafin in biya.

Sati uku na yi da shi. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ce ya hau mu je Cadjèhoun, wajen filin jirgi akwai kwalta miƙaƙƙiya, so nake ya yarda da bakinsa cewa ban yi kuskure ba. Sau biyu yana dafa kafaɗata yana cewa "Aboki, rage mana," ni kuwa ina ƙarawa. Iska ta tara rairayi a kan kwalta, tayar gaba ta zame, babur ya ja mu ƙasa har gindin wata babbar mota da ke tsaye. Ni ƙujewa na yi a hannu da gwiwa. Shi kuwa ƙafarsa ta dama sai da aka yanke daga ƙasan gwiwa.

Da 'yan sanda suka zo asibiti ɗaukar bayani, tun ban buɗe baki ba ya ce musu shi ne yake tuƙi. Shi yana da permi, ni ba ni da shi, kuma a lokacin baƙo marar takarda in ya shiga komisariya, wato caji ofis, sai yadda Allah ya yi, har kayan kawu za a iya riƙewa. Na yi shiru. Wa'adina ya cika na dawo gida, a haka maganar ta zauna har yau. Matata, 'ya'yana, kowa ya san Baba Isufu aminin Alhaji ne da ya yi hatsari da kansa yana saurayi. Na yi masa abin da zan iya, ƙafar roba, shago, aikin Hajji, amma ban taɓa gaya wa kowa cewa ni ne a gaba ba.

To yanzu ga abin da ya taso. Ɗana Nasiru, shekararsa ashirin da huɗu, yana Kwatano yana wani kwas na Faransanci na shekara ɗaya, kuma a gidan Isufu na sauke shi a Zongo, don nan ne hankalina zai kwanta. Satin da ya wuce ya turo mini hoton babura biyu, ƙarami irin na 'yan zemijan, wato 'yan acaɓansu, da wani ƙaton na tsere baƙi, ya ce babban yake so, kuɗinsa ne da ya tara daga sayar da wayoyi, albarka kawai yake nema. Na ce sam. Na ce ya ɗauki ƙaramin, wata bakwai ya rage masa, me zai yi da dokin ƙarfe a garin mutane? Ina magana ina jin kalmomin Isufu suna fitowa daga bakina ɗaya bayan ɗaya. Yaro ya saurara da ladabi, can sai ya turo mini wani tsohon hoto da ya gani a akwatin Isufu, ni ne a kan jan babur da wando mai faɗin ƙafa ina dariya. Ya rubuta, "Baba, ai kai ma ka hau, ga ka nan lafiya lau."

Na kira Isufu raina a ɓace, na ce yaya yaro yana gidanka zai yi wannan ka zuba ido, kai da ka fi kowa sani? Ashe ma ya raka shi sun duba injin. Na yi faɗa sosai, na faɗi maganganun da bai kamata in gaya wa mutumin da ya yi mini abin da ya yi ba. Ya bari na gama sannan ya ce, "Alhaji, na gaya masa duk abin da na gaya maka, shi ma bai ji ba. Ƙafata yake gani kullum, amma yana ɗauka gangancin wani ɗan Dosso ne. In ya san ta hannun ubansa ta tafi, wataƙila ya tsaya. Sai dai ni ba zan faɗa ba, maganarka ce."

Hajiya uwarsa kuma ta ce na cika takura, wai a saya masa hular kwano mai kyau a yi masa addu'a, tana mamakin yadda na daina cin abinci kan babur. Ita ma shekara talatin da biyar ina ɓoye mata. Na san in na ce ban yafe ba in ya saya, zai fasa, amma zai riƙe ni a matsayin uban da ya ci zamaninsa ya hana ɗansa, kuma wa ya sani ko zai hau na abokai a ɓoye. In na dawo da shi gida kwas ɗin ya lalace. In kuma na faɗi gaskiya, yaron da yake kallona a matsayin mutum mai amana zai san cewa na bar wani ya ɗauki laifina yana kwance da guntuwar ƙafa.

Mai babur ya ce ranar Asabar mai zuwa a kawo kuɗi ko ya ba wani. Jama'a, in hau mota in je Zongo in zaunar da shi a gaban Isufu in faɗa masa komai, ko in yi amfani da ikon uba in hana shi in ci gaba da shiru? Kuma in zan faɗa, da wa zan fara, da ɗan ko da uwarsa? Wanda zai zage ni ya zaga, na cancanta, amma ya haɗa da shawara.