Takardar da Tebur Ya Taka

Uwargida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu mai jego da jaririn da ya ƙwace mini ke. Ki gaida surukinmu. Na ga hoton, ki faɗa masa hancin yaron nawa ne, kada danginsu su fara rigima.

Ina sanar da ke, cikin natsuwa da girmamawa, cewa teburin ofishina ya daina rawa. Shekara tara yana girgiza duk sanda na buga hatimi. Makon jiya na zaro wata takarda mai kauri daga cikin wasiƙun da suka shigo, na ninka ta huɗu, na cusa ƙarƙashin gajeriyar ƙafar. Tsit. Kafintoci uku sun kasa, magatakardan makaranta ya gama da shi cikin minti ɗaya.

Sai labarin wata yarinya 'yar ajin ƙarshe da na laƙaba wa suna Sarauniyar Latti. Tun farkon zangon nan ba ta taɓa shigowa kafin ƙararrawa ba. Sai an yi nisa da darasin farko za ki gan ta tana haki, da jaka a baya kamar mai ƙaura, duk littattafanta a ciki, har na darasin da ba ranarsa ba. Kin san ƙa'idarmu: latti biyar, wasiƙa ɗaya zuwa gida, wasiƙa uku babu amsa, a soke suna daga rajista. Wanda kuma ba ya cikin rajista a ƙarshen wata, ba ya cikin jerin masu jarrabawar fita. Na rubuta wa iyayenta wasiƙa biyu, da kalmomin da ko alƙali zai yi sha'awa, duk sun dawo ba a buɗe ba. Ta uku tana gabana. Ranar Juma'a ta sama zan ja jan layi. Akwai iyayen da ba su san darajar rubutu ba.

Mijinki,
Magatakarda

Uwargida,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya cibiyar jariri, yaya bayanki? Ni lafiya lau, sai dai na gano tukunya ba ta girki da kanta.

Amsarki ta iso. Kin ce yaron da yake yawo da duk littattafansa kullum, wurin ajiye su ne ba shi da shi. Na yi dariya, na ce matar nan daga nesa take duba. Don in kawo miki hujja ne kawai na ɗauki wasiƙa ta uku na kai da ƙafata.

Adireshin da ke rajista yanzu shagon sayar da tayoyi ne. Mai askin da ke kusa ya ce an sayar da gidan wata huɗu da suka wuce, ya tura ni wurin gwaggon yarinyar, bayan ya ba ni shawara a kan sanƙona wadda ban nema ba. Gwaggo na same ta a ɗaki ɗaya da yara shida. Ta ce sun yi mako uku a wurinta, har ƙafar wani ta fara kwana a bakin wani, sai suka koma bayan shagon wanki da guga inda uwar take aiki, can ƙarshen gari.

Na isa da gumi har cikin takalmi. Uwar ta kifa mini bokiti na zauna. Labule ne ya raba wurin kwanansu da tarin kayan mutane. A jikin ƙusa ga rigar makarantar yarinyar a rataye, karin gugarta ya fi na wandona kaifi. Daga nan zuwa makaranta mota biyu ce, kuma rabin hanyar a ƙafa yarinyar take yi. Na tambayi uwar me ya hana ta sanar da mu. Ta ce tsoro take kada mu ce sun fita daga unguwar makarantar, mu sallami yarinyar saura wata biyu jarrabawa. Ta ce, “Malam, gida ne muka rasa, ba mu so mu haɗa da makaranta.” Sannan ta tambaye ni ko saƙo na kawo. Na ce wucewa nake yi. Uwargida, babu mai wucewa ta wannan lungun, bango ne a ƙarshensa.

Na kai wa Shugabar makaranta maganar. Ta ce ƙa'idar latti ba ita ta rubuta ba, amma za ta tambaya. Juma'a saura kwana biyu, jan birona kuma ya yi mini nauyi a aljihu.

Mijinki,
Magatakarda

Uwargida,

Ina gaishe ki, ina gaida mai jego da ɗan ƙwace. Ki zauna kafin ki karanta, kuma kada ki yi dariyar da za ta tashe shi.

Shugaba ta buga waya ofishin ilimi, aka ce ai sun aiko wa kowace makaranta takarda a kan yaran da iyayensu ba su da tsayayyen matsuguni. Ta tambaye ni ina take. Na ce ba ta iso ba, domin babu takardar da ke shiga makarantar nan ba ta bi ta hannuna ba. Muka juye fayil-fayil, muka zazzage durowa, Shugaba har da leƙa bayan kabad. Mai shara tana tsaye da tsintsiya tana kallonmu, can ta ce, “Baba, ko ita ce wannan da teburinka ya taka?”

Ita ce. Da hatimina a kanta, da sa hannuna, da kwanan wata. Ni da na karanta littattafan da suka fi ni nauyi, shafi biyu ne suka gagare ni.

Shugaba ta warware ta, ta karanta a tsaye, tana ɗago ido tana dubana a ƙarshen kowane layi. Ba a sallamar yaro don gidansu ya tashi. Ba a soke sunansa a kan lattin da nisa ya jawo. A ba shi katin motar makaranta da wurin ajiye kaya. In babu adireshi, makarantar ce adireshinsa. Don haka yanzu duk wasiƙar da zan rubuta wa iyayen yarinyar, ni zan aika, ni zan karɓa.

Sunanta ya shiga jerin masu jarrabawa, da baƙin biro. Na kwashe tsofaffin jariduna daga durowar ƙasa na ba ta durowar ta zuba littattafanta, jakarta ta rame. Mai shara ta raɗa mini cewa akwai wasu yara biyu masu manyan jakunkuna, na riga na kira su.

Ranar Litinin motar makaranta ta sauke Sarauniya tun ana share fili. Na iso na tarar da ita a ƙofar ofis tana jiran littattafanta. Ta gaishe ni da ladabi, ta dubi agogon bango, ta ce, “Baba, in miƙo maka littafin latti?”

Teburin ya koma rawarsa, shi ya sa rubutun nan ya karkace. Ke ce da gaskiya, ni na yi kuskure. Kada ki karanta wa surukinmu wannan layin.

Mijinki,
Magatakarda