Na Yi Wa Dattawa Biyu Alƙawarin Harafi Ɗaya

Anti Kubura, ki taimake ni, bakina ya ja min. Ni sakatariya ce a wani kwamitin dattawa a Ibadan, muna laƙaba wa haruffa da alamomin kwamfuta sunayen Yarbanci. Aikin ya koma taron suna irin namu, inda kowa ke raɗa wa jariri nasa sunan. Kwana uku muka yi a kan alamar nan mai naɗaɗɗiyar wutsiya ta adireshin imel. Kawuna Baba Akinfenwa, wanda ya raine ni, ya ce sunanta, in an fassara da Hausa, "dodon koɗi". Mama Adunbarin, uwar mijina, ta ce "gammo". Wallahi su biyun ba wanda ya taɓa aika imel! Kowannensu ya kira ni gefe don in sa nasa sunan, ni kuwa na durƙusa na ce an gama, don a gidanmu ba a ce wa babba a'a. Yanzu Baba ya gaya wa duk abokansa, Mama kuma har amala, tuwonmu na Yarbawa, ta aiko min. Gurbin suna ɗaya ne, ranar Juma'a zan miƙa jerin. In na zaɓi gammo na zama butulu, in na zaɓi ɗayan, gidan mijina ya yi min zafi. Amalar ma na cinye.

Mai Gwiwa Biyu, Ibadan

Ƙanwata, na yi dariya har na ƙware. Ladabi ne ya durƙusar da ke, amma ƙarya kika yi sau biyu, kar mu ɓoye. Su ma dattawan ba son kai ba ne zalla. So suke su bar wa harshensu abin tunawa.

Ai ko a wajenku, yaro ya sha suna goma, wanda ake kiransa da shi a tsakar gida shi ke binsa. To, ki kai sunayen biyu shagunan buga takardu, ki tambayi masu danna alamar kullum. Wanda suka ɗauka ya shiga gurbin, ɗayan ki rubuta shi a ƙamus tare da sunan mai shi.

Amma kafin Juma'a, ki koma wajen kowannensu ki faɗi abin da kika yi. Za su yi faɗa, su huce. Abin da ba za su yafe ba shi ne su ji a bakin juna.

Allah ya ba ki sa'a, ya kuma ƙara wa gwiwoyinki lafiya.