Kwalbar da Ke Ƙarƙashin Matashin Mama

Litinin, 3 ga Maris
Na leƙa Mama bayan na tashi aiki. Tun da ta zame a banɗaki likita ya ce ƙashinta ya yi rauni. Na kai mata kwalbar kalsiyam mai haɗe da bitamin K. Mai kemis ya ce shi ke taimaka wa kalsiyam ɗin ya zauna a ƙashi. Yaya, da ke jinyarta, tana can tana wanki. Ban nuna mata ba, na san halinta: "Likita ne ya rubuta?" Na tura kwalbar ƙarƙashin matashi, na ce Mama ta riƙa shan ƙwaya ɗaya kullum. Ai ni ma 'yarta ce.

Alhamis, 13 ga Maris
Mama a waya: "Auta, maganinki ya karɓe ni." Har da fasa mini kai.

Asabar, 22 ga Maris
Ƙafarta ta hagu ta kumbura suntum. Muna asibiti.

Litinin, 24 ga Maris
Jini ne ya daskare a jijiya. Likita ya ce kamar ba ta shan maganin tsinka jininta na ciwon zuciya. Ya dubi Yaya: "Kina tsallake mata ne?" Yaya ta rantse ba ta taɓa tsallakewa ba. Sai ya tambaya ko akwai wani abu da take sha, musamman mai bitamin K, don yana karya ƙarfin wancan maganin.
Mama ta kalle ni, ta mai da kai bango.
Ni kuwa na ɓoye zancen kwalbar. Ban ma san tana shan wani maganin jini ba. Uwata fa!

Talata, 25 ga Maris
Kawu ya zo ya wanke Yaya tas a gabana, wai sakaci. Ta haɗiye, ta ci gaba da goge wa Mama baya. Kunya nake ji, da tsoro.

Laraba, 26 ga Maris
Na je gidan Mama na ɗauko kwalbar na ajiye gaban likita, Yaya na tsaye. Ya karanta, ya ce da bai gani ba, da ƙara mata maganin jinin zai yi, ranar da kwalbar ta ƙare kuma jinin ya tsinke fiye da kima. Yaya ba ta zage ni ba. Da ma ta zaga. Cewa kawai ta yi, "Riƙe mata kofin nan."

Lahadi, 6 ga Afrilu
An sallame mu. Yaya ta nuna mini maganin safe da na yamma, ta shige ɗaki ta yi barci har la'asar. Ban taɓa lura ta rame haka ba.
Na ce wa maigidana kwana biyu kawai zan yi a nan gidan Mama. Babbar jakata dai na ɗauko.